Ɗan Kunya da Buhun da Ba a Buɗe Ba

A wannan makon daga Yawunde muka yi magana, daga unguwar Briqueterie, wadda bakinmu ya mayar Birketiri. Wanda ya taɓa sauka a nan ya san yadda yammacinta yake: hayaƙin masu soya ya tashi, kekunan teloli na ta ƙara, ana fitowa daga masallaci ana tsayawa gaisuwa a bakin shagunan atamfa. Ya kuma san cewa duk mai shirin tafiya arewa ba ya barin unguwar nan hannu sake. Wannan ya ba ka ƙunshin kilishi ka kai wa surukarsa a Ngaundere, wancan ya ba ka turmi biyu na Garwa, wani ya ce ga ɗan buhu ka sauke masa a Banyo, akwai mai karɓa. Haka muka tashi muka tarar. Saƙo amana ne, kuma a tarbiyyarmu buɗe saƙon mutum abin kunya ne.

To, a kan wannan ɗabi'a tamu ce wani mai sauraro ya aiko da tambaya. Yaron mota ne, suna sauke shanu a karar Etudi su koma arewa da motar kusan wayam. Ya ce wani mutum ya same shi da buhu uku, ɗinkakku, ba su da nauyin hatsi, in ka taɓa su sai su yi ƙwaram-ƙwaram kamar busasshen ɓawon katantanwa, ga wani ɗan ƙarni. Aka ce masa kofato ne. Kuɗin ɗaukar da aka yi masa tayi ya ninka abin da ake biya wa buhun masara sau da yawa. Jikinsa bai ba shi ba, ya ƙi. Yana tambaya: mene ne wannan kaya da ake biya wa kuɗi haka?

Ba mu ga buhunan ba, amma yadda ya siffanta su, mafi kusa ɓawon ɗan kunya ne. Da Faransanci pangolan ake ce masa, kuma da wannan sunan za ka ji shi a bakin jandarma da 'yan duwan. Da yawa cikinmu sun ji sunan ba su taɓa ganin dabbar ba, saboda haka bari mu fara da ita.

Ka ɗauko siffar damo, doguwar jela da gajerun ƙafafu, sai ka lulluɓe shi tun daga goshi har ƙarshen jela da ɓawo mai tauri, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Kansa ɗan ƙarami ne mai tsini, idanu 'yan mitsi-mitsi. Wanda ya fara ganinsa zai rantse ɗan'uwan kada ne ko guza. Ko kusa. Dabba ce mai haihuwa mai shayarwa kamar akuya, cikinsa fata ce mai laushi da ɗan gashi, kuma a duk dabbobin duniya masu shayarwa shi kaɗai Allah ya yi wa irin wannan sulke.

Haƙori ko ɗaya babu a bakinsa. Abincinsa tururuwa da gara da danginsu, ba ya cin ciyawa, ba ya taɓa hatsi, ba ruwansa da kaji. Yakan sa faratansa na gaba ya fasa shuri ko ruɓaɓɓen icce, sai ya zura harshe. Harshen nan shi ne abin kallo. Siriri ne mai yauƙi, tushensa ba a maƙogwaro yake ba, can cikin jiki yake, bayan ƙirji, kuma a babban ɗan kunya in ya miƙe shi ya kai tsawon kamu ɗaya. Yana cikin ci tururuwa na hawansa, sai ya toshe hanci da kunne, fatar idonsa kuma mai kauri ce, cizonsu bai dame shi ba. Tun da babu haƙori, yakan haɗiye 'yar tsakuwa da yashi, tumbinsa ya niƙe abincin da su kamar yadda ƙundun kaza ke yi.

Sunan da Bahaushe ya sa masa ya dace da shi. In ya ji motsin abin tsoro ba ya faɗa, ba ya cizo, gudun ma ba shi da shi sosai. Sai ya cusa kai tsakanin ƙafafun gaba, ya naɗo jela ya rufe, ya dunƙule kamar gammo. Bushiya ma tana haka, amma ita ƙaya gare ta, shi kuwa sulke. Zaki kan juya shi ya gaji ya tafi, damisa ma haka. Wannan dabara ta fisshe shi a wurin kowane naman daji, sai wurin ɗan Adam ta zame masa ajali. Maharbi ba ya bukatar bindiga ko kibiya. Ya haska fitila, ya ga abu ya dunƙule, ya sunkuya ya ɗauka ya jefa a buhu. Ko yaro zai iya.

Iri takwas ne a duniya, huɗu a Asiya, huɗu a Afirka. Uku daga cikin na Afirka suna nan Kamaru. Akwai mai farin ciki, wanda aka fi gani, bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, yana hawan icce yana rataye da jela, dare yake fita. Akwai mai baƙin ciki, ina nufin launin cikinsa, ba halinsa ba, shi jelarsa ta fi jikinsa tsawo nesa, kusan rayuwarsa duka a kan itatuwan bakin rafi take, kuma da rana yake kiwo. Sai babban, wanda kan haura kilo 30, kusan nauyin tunkiya. Shi a ƙasa yake, yana kwana a rami, wani lokaci ramin da dabgi ya haƙa ya bari.

Wannan babban shi ne ku makiyaya kuka fi haɗuwa da sawunsa. Masu gangarowa da shanu da rani daga tudun Adamawa zuwa wajen Tibati da Yoko, inda ciyawa ke haɗuwa da kurmi a gefen gandun dajin Mbam da Jerem, kuna cikin ƙasarsa. An ɗauki hotonsa a can da na'urorin da ake ɗaurewa a jikin icce su yi aiki da dare. Ta ɓangaren Najeriya kuma akwai shi a gandun Gashaka Gumti. Shurin da ka gani an fashe shi ta gefe da sassafe, ga sawun jela an ja a ƙasa, mai yiwuwa shi ne ya yi kalaci a wurin. Kuma aiki yake yi maka ba ka sani ba. Garar da ke cin dirkar bukka da buhun dusa da igiyar ɗaurin maruƙa ita ce tuwonsa, kuma a shekara abin da ɗaya ke ci miliyoyi ne. Ramukan da yake tonawa suna sa ruwan sama ya shiga ƙasa maimakon ya gudu.

Yanzu ga abin da ya kamata makiyayi ya fi kowa ganewa, wato maganar haihuwa. Macen ɗan kunya ɗa ɗaya take haifa, kuma galibi sau ɗaya a shekara. Ɗan yakan fito da ɓawo mai laushi, ya taurara a hankali. Tana goya shi a gindin jelarta in za ta kiwo, in tsoro ya zo ta dunƙule da shi a ciki. Ka ga ke nan lissafinsa irin na saniya ne, ba irin na zabo ko ɓera ba. Kai da ka san garke, in ana fitar da shanu goma a shekara ana haifar biyar, ba sai malami ya gaya maka shekara nawa ya rage a naɗe igiya ba. Kuma shi ba a kiwonsa a gida a mayar da gurbi. An gwada a ƙasashe da dama, yawanci mutuwa yake yi a tsare, don ba ya cin abin da aka ba shi, tsoro kaɗai ma kan kashe shi.

To me ake nema a jikinsa? Abu biyu. A kudancin Kamaru namansa abin marmari ne tun kaka da kakanni, kuma an daɗe da sanin kasuwar Nkolndongo a nan Yawunde da naman daji. A da, in an ci naman, ɓawon zubarwa ake yi a bayan gida. Abin da ya sauya shi ne zuwan masu sayen ɓawon. A Sin da Biyetnam ana soya shi a daka a zuba cikin maganin gargajiya, wai yana kawo ruwan nono, yana sassabe kumburi, yana gyara gudun jini. Da nasu na Asiya ya yi ƙaranci saboda yawan kamu, sai dillalai suka juyo Afirka. Abin da ake zubarwa a juji ya zama abin da ake bi ƙauye-ƙauye ana tarawa kilo-kilo.

Ga inda abin yake da ban takaici. Mutumin da ya ce wa yaron motar nan kofato ne a buhu, ƙarya ya yi, amma ƙaryar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ɓawon ɗan kunya da kofaton saniya da kuben ƙahonta da farcen hannunka duk abu ɗaya ne, sinadarin da masana ke kira keratin. Wanda ya sha garin ɓawon nan, da wanda ya yanke farcensa ya daka ya sha, tafiyarsu ɗaya. Babu wani binciken asibiti da ya tabbatar yana warkar da wata cuta. A shekarar 2020 hukumomin Sin da kansu suka cire shi daga jerin magungunan da ke cikin babban littafinsu na magani, suka kuma ɗaga dabbar zuwa matakin kariya mafi girma a ƙasarsu. Kasuwar dai ba ta mutu ba, ta koma bayan fage.

Yadda kayan ke tafiya kuwa, ku fatake kun fi mu sanin hanyoyin. Ana tarawa a garuruwan kurmi na gabas da kudu, har da abin da ke shigowa daga Afirka ta Tsakiya da Kwango da Gabon. Wani ya bi ta Duwala ya hau jirgin ruwa. Mai yawa kuma yakan tsallaka Najeriya, ta ruwa ko ta tudu, a tara shi a ɗakunan ajiya a Legas har ya cika kwantena. Ba a tsallaka iyaka da kwantena. Da buhu biyu, buhu uku ake tsallakawa, a ƙarƙashin buhunan citta, a bayan motar shanu da ta sauke kaya, a kan babur ta hanyar daji. Wato da motarka da babur ɗinka da sunanka.

In kana so ka san girman abin, ga kaɗan daga abin da aka kama. A watan Janairun 2017 an kama sama da tan 5 a Duwala, tare da wasu 'yan ƙasar Sin biyu. A watan Janairun 2019 Hankon ta kama sama da tan 8 a kwantenar da ta taso daga Najeriya, an rubuta naman shanu mai ƙanƙara ne. A watan Afrilun wannan shekarar, cikin kwanaki kaɗan, Singafo ta kama kwantena biyu, ɗaya tan 12.9, ɗaya tan 12.7, duka daga Najeriya za su Biyetnam. Ta farkon kaɗai an ƙiyasta ɗan kunya 17,000 aka kashe kafin a cika ta. A Janairun 2021 kwastan na Najeriya suka sake kama sama da tan 8 a tashar Apapa. Wannan wanda aka gani ke nan. Ka dawo kan buhu ɗaya: ƙaramin ɗan kunya ba ya ba da rabin kilo na busasshen ɓawo, saboda haka buhu mai kilo 50 ya haura dabba 100. Buhu ukun da aka kawo wa yaron motar nan, in cikakku ne, garke guda ne na mai arziki.

Wani zai ce daji da faɗi, ba ya ƙarewa. Dattawan Garwa da Rai Buba su ba shi labarin karkanda. Baƙar karkandar yammacin Afirka, arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe a duniya, wajen Binuwai da Buba Njida. Kakanninku sun yi kiwo suna ganin kashinta a hanyar mashaya. Aka yi ta kashe ta don ƙahonta, wanda shi ma keratin ɗin nan ne, shi ma Asiya da ƙasashen Larabawa ake kai shi. A 2006 masu bincike suka karaɗe dajin ba su ga ko ɗaya ba. A 2011 aka bayyana a hukumance cewa irinta ya ƙare. Waɗanda suka yi kuɗi da ƙahon ba a Rai Buba suke ba, kuma babu wanda ya dawo ya gina ko rijiya. A jerin dabbobin da ke cikin haɗari na duniya, tun 2019 an sa babban ɗan kunya da mai farin ciki a sahun waɗanda ake tsoron ƙarewarsu.

Sai maganar doka, kuma a nan nake so ka buɗe kunne ko da tausayin dabba bai dame ka ba. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannasbag a 2016, ƙasashen duniya suka haramta cinikin ɗan kunya tsakanin ƙasa da ƙasa, duka iri takwas, haramcin ya fara aiki a farkon 2017. Kamaru da Najeriya da Nijar da Cadi duk suna cikin yarjejeniyar. A wannan taron ne ma aka haramta cinikin aku mai jar wutsiya da aka kamo daga daji, masu ɗauko shi a kwali a kai wa Alhaji tsaraba su lura. Kamaru ta sa ɗan kunya a rukunin farko na dabbobin da aka hana taɓawa gaba ɗaya, sahu ɗaya da gwaggon biri da zaki. A watan Fabrairun 2017 gwamnati ta tara kimanin tan 3 na ɓawon da aka ƙwace ta cinna masa wuta a nan Yawunde a bainar jama'a.

Tsohuwar dokar gandun daji ta 1994 ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan sabuwa, ita kuma ba wasa a cikinta: ɗaurin shekara 15 zuwa 20, tara miliyan 20 zuwa 50. Miliyan na lissafin takarda nake nufi, ka zauna ka mayar da shi bijimai ka gani. Abin da ya fi shafar mai ɗaukar saƙo shi ne, a idon doka wanda aka samu da wani sashe na dabbar, ɓawo ne ko fata ko nama, ana ɗaukarsa kamar shi ya kama ta ko ya kashe ta. Ba sai an gan ka da tarko ba. Buhun yana motarka, shi ke nan, kai za ka yi bayani. Wanda ya ba ka kuwa, lambar wayar da ya bari ta daina shiga tun kafin ku kai ofishin jandarma. Ma'aikatar gandun daji da namun daji, MINFOF, tana aiki da wata ƙungiya mai suna LAGA da ke nan Yawunde sama da shekara 20, aikinsu bin sawun dillalai a ɓoye da bin shari'a har a yanke hukunci. Mai sayen da ya zo maka da fara'a da farashi mai daɗi, ba lalle ne mai saye ba ne.

Masu shimfiɗar maganin gargajiya ma abin ya shafe su. Doka ba ta ce sai buhu ba. 'Yan ƙwayoyin ɓawo a cikin gwangwani tsakanin sassaƙe da saiwoyi sun isa su jawo wa dattijo tashin hankali da tsufansa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a Birketiri bayan shirin: ai mu ba ma cin naman daji, wannan harkar mutanen kurmi ce da 'yan Sin. Gaskiya ne ba mu ne masu ci ba, ba mu ne masu sha ba. Amma tsakanin kurmi da teku akwai hanya, kuma hanyar nan mu muka fi kowa saninta. Mu ke da mai masauki a kowane gari daga Kiye-Osi har Mubi, mu ke da motocin da ke komawa wayam, mu ne kuma mutanen da ba sa buɗe saƙo. Dillalan sun san haka sarai. In aka kama mutum biyu uku daga unguwa ɗaya, gobe kowace motar shanu sai an sauke ta an zazzage a kowane shinge, mai atamfa da mai goro su kwana a hanya saboda laifin da ba nasu ba.

Shawarar da tsofaffin direbobi suka bayar a cikin shirin mai sauƙi ce. Saƙon wanda ba ka san gidansa ba, a buɗe shi a gabansa da gaban ɗan kamasho kafin ya hau mota, a rubuta sunansa da lambar katinsa a littafin tasha. Mai kilishi ba ya jin haushin a buɗe kilishi. Wanda ya ce kar a kwance ɗinki, ko ya ƙara kuɗi don kar a kwance, ya riga ya gaya maka abin da ke ciki. Maigidan mota kuma ya ja wa yaransa kunne, don sau da yawa da yaron mota ake ƙulla abin direba na barci, amma in an kama, motar duka ake tsarewa.

Ku kuma na daji, in karnukanku suka tsaya suna haushi a kan wani dunƙulallen abu, ku kira su ku wuce. Ba ya cizo, ba shi da dafi, in ya ji shiru zai warware ya kama gabansa. Kar a ɗaga shi ta jela, kar a sa sanda a ce sai an buɗe shi, gefen ɓawon da kaifi, yana iya datse yatsa. Tarkon waya da kuka gani an ɗana a hanyar mashaya, wanda ake kama shi da shi, shi ne dai ke shaƙe ƙafar maraƙi har ta ruɓe, saboda haka sanar da ardo ko ma'aikatan gandun daji amfanin garkenku ne. In kuma wani ya kawo muku shi da rai, ko yara suka tsinto ɗan da uwarsa ta mutu, kar a ba shi madarar shanu ko tuwo, cikinsa ba ya ɗauka. A sa shi a kwali mai huji da tsumma, a ajiye a inuwa inda ba hayaniya, a kai wa ofishin gandun daji mafi kusa a ranar, ba gobe ba. A dajin Mefu, kusa da garin Mfu a wajen Yawunde, akwai wurin da ake jinyar irin waɗanda aka ƙwato, ana fita da su kiwon tururuwa har su murmure a mayar da su daji.

Shi kuwa yaron motar da ya aiko da tambaya, ya ce mutumin ya sake dawowa tashar bayan kwana biyu yana neman wata mota. Mun ce masa ya gaya wa shugaban tasha, shi ya san wanda zai kira.